Sitef ɗina yana kuka yana zamewa, maƙwabciyar ƙasa kuma ta gaji

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema a kan sitef, matakalar nan ta roba da muke hawa muna sauka. Wata bakwai ke nan da na saye shi, kuma Allah Ya sani ya yi min rana, domin tun da na haihu babu motsa jikin da na iya riƙewa sai shi. Minti 25 nake yi bayan sallar asuba kafin yara su tashi, kwana biyar a mako. To tun shigowar sanyin nan abu biyu suka taso min. Na farko, duk takun da na yi sai ya yi wani kuka ƙii ƙii kamar tsohuwar ƙofa. Na biyu, tafiya yake yi, in fara a tsakiyar falo, kafin in gama ya kusa kaiwa gindin talabijin. Jiya kuma matar da ke zaune a ƙasanmu, da yake a bene muke, ta hawo har sama ta same ni. Cikin mutunci ta yi maganar, ta ce surukarta tsohuwa ce, kuma tun da na fara ba ta iya komawa barcin safe, wai ji suke kamar ana daka a turmi a saman kansu. Raina bai yi daɗi ba, wallahi ban san abin yana kai musu haka ba. Ba na so in daina, ba na kuma so in cutar da kowa. Yaya zan yi?

Ummi Zariya: Wa alaikumussalam. Kukan mai sauƙi ne Maman Ilham, ki ɗiga masa man keken ɗinki a inda ƙafafun suke shiga, ko ki shafa basilin. Haka nake yi wa ƙofar ɗakina.

Koci Fati: A'a Ummi, don girman Allah kada ta yi haka. Ƙofa ba a hawanta. Mai ko basilin ba ya tsayawa inda aka sa shi, zai gangaro ƙasa ya taɓa tayil, ya taɓa tafin ƙafa, kuma ƙafafun da ake so su kama juna gam su ne za a koya wa santsi. Ban da haka man da aka samo daga fetur yana kumbura roba mai laushi yana lalata ta. Maman Ilham, amsa min waɗannan tukuna. Wane girma ne, kuma a tsayi nawa kike hawa? A kan tayil yake kai tsaye ko da shimfiɗa? Da takalmi kike yi? Sannan ki tashi yanzu ki kifa shi, ki ciro ƙafafun, ki faɗa mana abin da idonki ya gani a ƙasan.

Maman Ilham: Ƙaramin nan ne Koci, na auna da tef ɗin ɗinki, tsawonsa santimita 68, faɗinsa 28. Idan babu ƙarin ƙafa tsayinsa 10, idan na sa ƙafafun ya zama 15, kuma a 15 nake yi. A kan tayil yake kai tsaye, ba takalmi nake yi. Na kifa shi yanzu. Innalillahi, tun da na saye shi ban taɓa duba ƙasansa ba. Akwai wasu 'yan robobi baƙaƙe zagaye a ƙasan ƙafafun, huɗu huɗu, biyu sun fita babu su gaba ɗaya. Sauran sun yi sumul suna ƙyalli, ƙura ta danƙare a kansu.

Koci Fati: To ga ciwon nan kin gano da kanki. Shekara shida ina koyar da mata a ɗakin motsa jiki, kuma kusan duk sitef ɗin da na ga ya lalace daga ƙasa ya fara. Mu kuwa sama muke gogewa saboda nan ido yake gani. Waɗannan 'yan robobin su ne takalmansa. Su ke riƙe shi a ƙasa, su ke shanye wani kaso na bugun. Idan biyu sun fita, ya zama kamar tebur mai gajeriyar ƙafa, duk takun da kika yi sai ya ɗan karkata ya murɗe, shi ne kukan da kike ji, roba mai tauri tana gugar 'yar'uwarta a mahaɗa. Zamewar kuma aikin ƙurar hunturu ne. Wannan ƙurar laushinta kamar hoda, idan ta shiga tsakanin roba da tayil babu sauran kamu. Shi ya sa da damina ba ki ga haka ba.

Ki saurara da kyau gobe, za ki ji ƙarar ba iri ɗaya ba ce. Akwai kukan mahaɗa, akwai ƙarar ja a kan tayil, akwai kuma dum dum ɗin da ke fitowa saboda cikinsa rami ne kamar ganga. Biyun farko gyara ke kashe su. Ta ukun ce take sauka wa maƙwabtanki, ita kuma rabinta daga ƙafarki take fitowa, ba daga sitef ɗin ba.

Anti Binta: Ni dai gaskiya zan faɗa ko da ba daɗi. Ƙananan nan da suka cika kasuwa, araha ce kawai, araha kuwa ba ta ado. Nawa Reebok ne na gwanjo, na same shi wajen masu kayan waje shekara tara da suka wuce, kuma da tsufansa na saye shi. Tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, yana hawa 15 da 20 da 25. Har yau ko tari bai taɓa yi ba. Amma fa ba don sunansa kaɗai ba ne, ina kula da shi kamar yadda nake kula da keken ɗinkina. Duk ranar da na gama sai na goge gumin da tsumma mai ɗan damshi. Kafin in fara kuma sai na goge wurin da zan ajiye shi da ƙasan ƙafafunsa, musamman yanzu da buji yake kaɗawa, wannan ko minti ɗaya ba ya ci. Ranar Asabar ta farkon wata nake kwance shi gaba ɗaya, ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, in bi layukan saman da tsohon buroshin haƙori domin a nan datti yake maƙalewa ya cike su, sai saman ya koma santsi. In ɗauraye, in kifa shi a inuwa ya tsane. A inuwa na ce, ba a rana ba. Kuma yarana sun sani, sitef ɗin Anti ba kujerar wanke-wanke ba ce, ba kuma abin takawa a ɗauko tukunya a saman kanta ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Anti Binta, da girmanki, amma ba kowa ne yake da kuɗin na waje ba, kuma gwanjon ma yanzu ba ya taɓuwa. Kada mu sa baiwar Allah ta ji kamar ta yi asara. Ni ko na roba ban taɓa saye ba. Maigidana kafinta ne, shi ya haɗa min na katako, shekara uku ke nan, nauyinsa ma kaɗai ba zai bar shi ya matsa ko'ina ba.

Anti Binta: Ban ce ta yi asara ba 'yar nan, Allah Ya ba ki haƙuri. Na katakon ne dai hankalina bai kwanta da shi ba. Gefensa kaifi, idan ƙafa ta kuskure ƙaurinki ne zai biya. Ga gara, ga ƙusa da ke ɗagowa.

Maman 'Yan Biyu: Idan aka yi shi da ganganci ke nan. Bari in faɗa miki yadda nawa yake, na tambayi Baban 'Yan Biyu yana kusa. Ya ce filawud mai kauri milimita 18 ya sa, ya raba cikin da katako biyu a tsaye domin tsakiyar kada ta lotsa. Bai sa ƙusa ko ɗaya ba, sukuru da gam ɗin katako ya yi amfani da su, domin ƙusa tana sassautawa idan ana bugun abu kullum. Ya bi gefunan da samfefa har suka yi zagaye. A sama ya manna robar shimfiɗar ƙasan mota mai layi-layi, a ƙasa kuma ya yanka tsohon tif ɗin mota ya liƙa a kusurwa huɗu. Abin da zan yarda da ke a kai shi ne katako yana numfashi. Da hunturu yakan bushe ya ɗan tsuke, sai in ji ya fara ƙara, shi kuma ya ɗauko sukundireba ya ƙara ɗaure sukurorin. Da damina ina ɗora shi a kan wani abu saboda damshin ƙasa. Aibinsa ɗaya, tsayinsa ɗaya ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

Koci Fati: A nan kam Maman 'Yan Biyu tana da tarihi a bayanta. Wannan motsa jikin a jihar Jojiya ta Amurka ya samo asali a ƙarshen shekarun 1980. Wata mai koyar da motsa jiki, Gin Miller, ta ji ciwo a gwiwa, aka ba ta shawarar ta riƙa hawa da sauka a kan akwatin da ake zuba kwalaben madara domin ta ƙarfafa naman da ke riƙe gwiwar. Da ta mayar da abin darasi, a kan bencin katako ɗalibanta suka fara. Daga baya ne aka ƙera na roba, kamfanin Reebok ya yaɗa shi a duniya. Saboda haka katako ba baƙo ba ne. Abin da na roba ya fi shi da shi kawai, sauƙin ɗauka da sauya tsayi.

Rahama: Salamu alaikum, yanzu na taso daga wurin aiki na tarar da zancen. Ni injiniyar gini ce, bari in taɓa ɓangaren maƙwabta domin ina ganin shi ne ya fi damun Maman Ilham. Ƙara iri biyu ce a gini. Akwai mai bin iska, kamar magana ko rediyo, wannan rufe ƙofa da taga yana rage ta. Akwai kuma mai bin jikin ginin, wato bugu. Idan diddigenki ya sauka a kan tayil, girgizar tana shiga dekin kai tsaye, dekin ɗin kuma shi ne rufin mutanen ƙasa, sai ya zama musu fatar ganga. Shi ya sa ke a sama kike jin abin kaɗan, su kuma suke jin daka. Siminti yana tare murya sosai amma bugu yana ratsa shi cikin sauƙi.

Abu uku nake so ki gwada. Ki ɗauki mukulli ki bi tayil ɗin falonki kina ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna daram a kan siminti sautinsa gajere ne a toshe. Wanda mai aikin ya bar rami a ƙasansa za ki ji yana kwas kwas kamar ƙwarya. Kada ki yi a kan irin wannan, yana ƙara ƙara, kuma wata rana zai tsage, ki shiga magana da mai gida. Sannan ki bar tsakiyar falo. Tsakiyar ɗaki ita ce inda dekin ya fi motsi, kusa da bango mai ɗauke da nauyi ko ginshiƙi ya fi tsayawa. Mafi muhimmanci kuma, ki tambayi matar nan wane ɗaki ne tsohuwar take kwana, ki ƙaura daga samansa. Wani lokaci matsawa zuwa ɗakin da ke saman kicin ɗinsu ko sito ya fi duk wata shimfiɗa da za ki saya.

Ummi Zariya: To ta ɗora a kan tabarmar yoga mana, ko katifar yara. Zai shanye ƙarar duka.

Rahama: Katifa kam a'a Ummi. Duk abin da ya yi laushi da yawa zai sa sitef ɗin ya riƙa rawa a ƙarƙashinta, an gudu daga ƙara an faɗa gocewar ƙashi. Tabarmar yoga kuma siririya ce, an yi ta ne domin tsayuwa da kwanciya, idan ana buga ta tana tattarewa tana yagewa. Abin da ake so shi ne roba mai nauyi mai tauri, baƙar nan da ake shimfiɗawa a ɗakunan motsa jiki, kauri kamar santimita ɗaya ko ya ɗan fi. Kuma ta zama mai faɗi yadda sitef ɗin da wurin da kike sauka duk za su kasance a kanta. Mutane da yawa suna sa 'yar ƙarama a ƙarƙashin sitef kaɗai, alhali bugun da ya fi ƙarfi a saukowa yake, lokacin da ƙafa ta dira a ƙasa. Idan kuma bakin shimfiɗar ya faɗo daidai inda kike ajiye ƙafa, tuntuɓe ne yake jiran ki.

Hajiya Gambo: 'Ya'yana duk na ji bayananku, Allah Ya ƙara basira. Ni tsohuwa ce, ban san roba lamba kaza ba, tafiya ce motsa jikina. Amma Maman Ilham, matar nan ta yi miki halacci da ta tako ta same ki, ba ta kai ki wurin mai gida ba, ba ta yi da ke a unguwa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Kafin ki sayi komai, ki sauka ki gaida tsohuwar nan, ki ba ta haƙuri da bakinki. Barcin bayan asuba shi ne barcin da yawancinmu muke samu, domin dare ba ma runtsawa sosai. Idan da hali ki mayar da abin bayan kin sallami yara makaranta.

Maman Ilham: Na gode Hajiya, in sha Allahu yau da la'asar zan sauka. Lokacin ne matsalar, ƙarfe bakwai da rabi nake fita aiki. Amma zan duba yamma.

Sista Ladi: Ni a sashen gashin ƙashi na asibiti nake aiki, masu ciwon gwiwa da diddige su ne abincinmu kullum, saboda haka maganar ba takalmi ɗin nan ce ta tsaya min. Minti 25, kwana biyar a mako, a kan tayil, da tafin ƙafa tsirara, wannan bugu ne mai yawa. Ki nemi kambas mai ɗan kauri wanda ya kama ƙafa, ki keɓe shi domin cikin gida kawai. Wanda ake fita waje da shi yana kwaso yashi a ƙasansa, yashin nan kuwa samfefa ne a kan sitef, shi ke cinye layukan saman. Safa zalla kuma kada ki kuskura.

Sannan ki lura da yadda kike taku. Idan kin hau, duk tafin ƙafar ya zauna a kan sitef ɗin, kada diddige ya rataya a baki. Hawa a baki yana gajiyar da jijiyar bayan ƙafa, kuma yana danne gefen robar inda ya fi rauni. Idan za ki sauko, kada ki yi nisa da shi, kamar tsawon takalminki ya isa, ki fara ajiye gaban ƙafa sannan diddige ya biyo a hankali, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Wadda take sauke jikinta ta bar shi ya faɗo, ita ce ke yin dakan. Ina gaya wa marasa lafiyata, idan kina jin takunki da ƙarfi to gwiwarki ma tana jin sa.

Nana Maraɗi: Sista ni ban yarda da zancen takalmi gaba ɗaya ba. Mun tashi muna daka muna ɗibar ruwa ba takalmi, ƙafarmu lafiya lau. Ni a tsakar gida nake yi a kan ƙasa, ba maƙwabcin da ke ji, ba zamewa.

Sista Ladi: Ƙasar tsakar gida tana da sassauci Nana, tana karɓar bugu, tayil a kan dekin ba ya karɓar komai. Ba na musun cewa wadda ta saba tana iyawa. Amma ga gumi ga roba ga tafin ƙafa, santsi ba ya sallama. Ke ma ki tabbata wurin a baje yake, domin idan ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashin kusurwa ɗaya, sitef ɗin murɗewa yake yi duk lokacin da kika hau.

Nana Maraɗi: Wannan kam gaskiya ne. Na farkon da na saya ma a tsakar gidan ya mutu, amma rana ce ta kashe shi. Nan nake barin shi dare da rana, launinsa ya koɗe, idan ka shafa sai wani farin gari ya biyo hannu. Wata safiya ina hawa ya fashe kamar ƙwai. Allah Ya tsare ban ji ciwo ba sai ƙujewa.

Rahama: Daidai abin da ke samun kujerun roba na biki da ake bari a rana. Hasken rana yana tsinka ƙwayoyin robar a hankali har ta bushe ta zama mai karyewa, kuma wannan farin garin shi ne alamar. Kada a bar shi a baranda, ko bayan mota, ko kusa da janareta inda ga zafi ga mai.

Maman Ilham: 'Yan'uwa ga wani sabon abu. Na wanke ƙafafun kamar yadda Anti Binta ta ce, da dattin ya fita sai na ga ɗaya daga cikinsu tana da wani farin layi a kusa da haƙorin da ke shiga jikin sitef ɗin. Da na ɗan matsa da hannu sai na ga layin yana buɗewa. Tsaga ce, tsawonta ya kai ɗan yatsa. Kuma a ɓangaren da robobin nan biyu suka fita take.

Ummi Zariya: Ki kai wa masu liƙin bokiti, su narka roba su cike wurin. Ko sufa gulu da ɗan yashi, yana kamawa kamar dutse.

Koci Fati: Ummi ina ƙaunarki amma yau sai mun saɓa sau biyu. Bokiti ruwa yake riƙewa a tsaye, wannan kuwa mutum yake ɗauka yana dira. Ki lissafa, idan tana hawa sau 30 a minti ɗaya, a minti 25 ta hau sau 750, a mako ɗaya sau 3,750. Wane liƙi ne zai jure wannan? Kuma kilon da suke rubutawa a kwali kada ya ruɗe mu, nauyin da ke sauka lokacin taku ya fi nauyin mutum a tsaye, balle idan an riƙe ƙarfe a hannu.

Rahama: Maman Ilham duba ƙasan, sau da yawa akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Idan 5 ce, irin robar kujerun biki ce. Idan 2 ce, irin ta jarkoki ce, wadda ta fi jure bugu. Duka biyun dai gam ba ya kama su da kyau, fuskarsu kamar mai kakin zuma take, sufa gulu zai bushe a kai ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Farin layin nan kuma alama ce cewa robar ta wahala a wurin tun kafin ta buɗe. Abin da ya faru a bayyane yake, robobin ƙasa sun fita, nauyi ya koma gefe ɗaya, haƙorin ya yi ta lanƙwasa har ya gaji. Kukan da kika fara ji, wannan tsagar ce take faɗa miki tana tafe.

Maman Sadik: Ban cika magana a nan ba amma wannan dole in sa baki. Ni na yi abin da Ummi ta ce. Ƙafar nawa ta tsage, na ba mai liƙi ya gyara, ya yi kyau a ido har na yaba masa. Mako biyu ina amfani da shi. Ranar da ya bari ina kai, ƙafar ta fice gefe, na faɗo a kan idon sawuna na dama. Sati shida ban taka da kyau ba, ga goyo, ga girki a zaune. Kuɗin hoton ƙashi da magani ya sayi sabon sitef har da canji. Ba laifin mai liƙin ba ne, aikinsa ya yi, ni ce na kai masa abin da ba na liƙi ba. Don Allah Maman Ilham ki jefar da ƙafar nan, kada ma ki ajiye ta inda za ki yi sha'awar mayarwa.

Ummi Zariya: Subhanallahi, sannu Maman Sadik. Na janye maganata.

Maman Ilham: Lamba 5 ce. To in sayi wasu ƙafafun daban in sa?

Anti Binta: Sai dai idan irinsa ne sak, kamfani ɗaya. Na taɓa ganin wata ta haɗa ƙafar wani da jikin wani, ya shiga amma bai kulle ba. Kuma ba na jin ana sayar da ƙafafun ƙananan nan su kaɗai.

Koci Fati: Ki duba jikin babban da kyau, ki haska cikinsa da fitilar waya, ki bi ƙasusuwan nan da suka gitta a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ki dafa tsakiyar ki ji ko tana lotsawa fiye da da. Idan lafiya yake, ki cire ƙafafun duka biyu ki yi a santimita 10.

Maman Ilham: Ba zai yi kaɗan ba Koci? Ina tsoron in koma baya, da ƙyar na fara ganin canji.

Sista Ladi: Ba tsayi ne kaɗai yake sa zuciya aiki ba. Ki ƙara motsin hannu, ki riƙa ɗaga gwiwa, ki ƙara minti biyar, za ki yi gumin da kike nema. Masu farawa ma a 10 ake so su fara, yawancin mutane kuma 15 zuwa 20 ya ishe su har abada. Ƙa'idar ita ce idan kin ɗora ƙafa a sama kada gwiwar ta lanƙwashe ta wuce kusurwar da take yi idan kina zaune a kujera. Akwai gwajin ƙarfin zuciya da aka ƙirƙiro a jami'ar Harvard a 1943, ana hawa benci mai kusan santimita 50, amma wannan awo ne na minti biyar da aka tsara wa samari, ba abin yi kullum ba. Na faɗi haka ne saboda na ga wasu suna jera bulo ko hawa kujerar zaman makaranta wai don su rame da wuri. Ga shi kuma gajeren sitef ya fi shiru, domin saukowar ba ta da nisa.

Maman 'Yan Biyu: Idan robobin ƙasan babban ma sun cinye, ki je wajen mai faci ki karɓi tsohon tif, ki yanka daidai girmansu. Baban 'Yan Biyu ya ce ki goge wurin da samfefa ya yi kaushi, ki shafa gam ɗin masu gyaran takalmi a fuska biyun, ki bari ya sha iska har ya daina kama yatsa sannan ki haɗa ki danne, ki bar shi ya kwana. Kuma ki canza dukkansu lokaci ɗaya domin tsayin ya zo daidai.

Rahama: Zai yi aiki, tunda nan danne shi ake yi ba ja ba. Amma saboda irin robar, ki riƙa dubawa duk mako, yana iya ɓarewa.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Na sauka na gaida Baba tsohuwa, ta karɓe ni hannu biyu, har ta ce ita ma likita ya ce ta riƙa tafiya. Ashe ɗakinta daidai ƙarƙashin falona yake. Na koma ɗakin yara, wanda yake saman kicin ɗinsu, na ƙwanƙwasa tayil ɗin na sami biyu masu rami kusa da ƙofa na kauce musu. Ƙafafun na ba masu jari bola duka biyun. Jikin babban lafiya yake, robobinsa huɗu suna nan, wankewa kawai na yi suka dawo suna kamawa. Baƙar shimfiɗar ban samu ba tukuna, wadda na gani a kasuwa tsadarta ta fi ƙarfina wannan watan, saboda haka kambas na fara saye. Kukan ya ɗauke gaba ɗaya, kuma ko taku ɗaya bai matsa ba tunda nake goge ƙasan kafin in fara. Ranar Lahadi na roƙi maƙwabciyar tawa ta tsaya a ɗakin Baba ina yi a sama muna waya, ta ce ba ta jin komai, sai da ta shiga kicin ta ji kaɗan kaɗan. Yanzu ƙarfe biyar na yamma nake yi idan na dawo, ranar da na makara kuma in yi da safe tunda ba a kansu nake ba.

Saura abu ɗaya. Santimita 28 ɗin nan ya yi wa ƙafata kaɗan da na sa takalmi, sai na lura sosai diddigena ba ya ratayewa. Maman 'Yan Biyu, don Allah ki tambayar min Baban 'Yan Biyu nawa zai haɗa min irin naki, tsawo 90, faɗi 40, tsayi 15.

Maman 'Yan Biyu: Ya fita kasuwar katako, idan ya dawo zan tambaye shi in biyo ki ta gefe. Ki auna min faɗin ƙarƙashin gadon da za ki riƙa tura shi, kada a yi wanda ba zai shiga ba.